Yagewar Gammon Gwiwa: Yadda Ciwo Ke Zama Lamba a Kundin Asibiti

A ɗauka mutum biyu ne ke zaune kan benci ɗaya a ƙofar likitan ƙashi, kowannensu ya miƙe ƙafar dama ya dafe gwiwa. Na farko ɗalibin sakandare ne ɗan shekara 17, wanda jiya da yamma ya kafa ƙafa a filin ƙwallo, ya juya jikinsa da ƙarfi don ya yanke abokin karawarsa, sai ya ji wani abu ya ce ƙas a cikin gwiwar. Kafin gari ya waye ta kumbura, ta kuma ƙi miƙewa sosai. Na biyu magini ne ɗan shekara 56, wanda ya shafe fiye da rabin rayuwarsa a tsugune ko a durƙushe yana daɓe da shimfiɗa tayil. Shi ba zai iya faɗin ranar da ciwonsa ya fara ba. Abin da ya sani kawai shi ne tun damina yake jin suka duk lokacin da zai tashi daga tsuguno.

Likita ya duba su, hoto kuma ya nuna cewa abu ɗaya ne ya yage a gwiwar kowannensu. Amma da katunansu suka isa hannun jami'in adana bayanan marasa lafiya, sai aka rubuta wa ɗalibin S83.2, aka rubuta wa maginin M23.3. Lambobin nan biyu ba ma a babi ɗaya suke ba cikin kundin da aka ɗauko su. Ɗaya tana babin raunuka ne tare da karaya da ƙuna da saran maciji, ɗayar kuwa tana babin cututtukan ƙashi da gaɓoɓi tare da amosani. Wannan rarrabewa na iya shafar irin jinyar da za a yi wa mutum, da wanda zai biya kuɗinta, da kuma abin da ƙididdigar ƙasa za ta ce game da lafiyar jama'arta. Kafin a gane dalilinta, sai an leƙa cikin gwiwar tukuna.

Gammo biyu a cikin gwiwa

Gwiwa ita ce gaɓa mafi girma a jikin ɗan'adam. A nan ne ƙashin cinya ke haɗuwa da ƙashin ƙwauri, wato sangali, ƙoƙon gwiwa kuma yana daga gaba yana tsare su. Sai dai haɗin yana da wata matsala ta ƙira. Ƙarshen ƙashin cinya dunƙule yake gida biyu, kamar gindin tulu biyu a jere, shi kuwa kan sangali kusan a shimfiɗe yake kamar faranti. Duk wadda ta taɓa ɗauko tulu daga rijiya ta san cewa ba a ɗora abu mai zagayayyen gindi a ka sai da gammo, don kada ya yi ta gangarawa, don kuma kada nauyinsa ya taru a wuri guda ya ci tsakar kai. Irin wannan gammo ne ke cikin gwiwa, har guda biyu: na ciki, a ɓangaren da ke fuskantar ɗaya ƙafar, da na waje.

Masana na kiran kowannensu meniskus, kalmar da ta samo asali daga harshen Girka, ma'anarta ƙaramin wata, saboda siffarsa ta jinjirin wata. Ɗaliban kimiyya sun riga sun san kalmar daga ɗakin gwaje-gwaje, domin da ita ake kiran lanƙwasar da saman ruwa ke yi a cikin kwalbar awo. Gammon ciki ya fi buɗewa, kamar harafin C, na waje kuwa ya kusa rufewa ya zama zobe. Kowanne yana da kauri daga gefe, ya yi ta sirancewa zuwa tsakiya, kuma ana raba shi kashi uku wajen bayani: ƙahon gaba, da jiki, da ƙahon baya.

Da guringuntsi aka yi shi, amma ba irin mai santsin nan da ke lulluɓe kan ƙashi ba. Wannan mai zare-zare ne, kusan kashi 70 cikin ɗari na nauyinsa ruwa ne, sauran kuwa galibi zaren furotin ne mai suna kolajin. Yawancin zaren nan a zagaye suke bin tsawon gammon, kamar yadda ake naɗa tsumma, shi ya sa idan nauyi ya danno daga sama yana neman fitar da shi gefe, sai zaren su ɗame su riƙe. Idan ƙafa na miƙe, kimanin rabin nauyin da ke ratsa gwiwa ta kan gammon nan biyu yake bi, idan kuma aka lanƙwasa ta kason yakan ƙaru ƙwarai, ya koma kan ƙahonin baya. Malamin fiziya zai ga darasinsa a nan sarai: matsi shi ne ƙarfi a raba da faɗin wuri. Aikin gammo shi ne faɗaɗa wurin da ƙasusuwan ke haɗuwa, don matsin da ke kan kowane ɗigo na guringuntsi ya ragu.

Gammon ciki a ɗaure yake tamau da jijiyar da ke riƙe gefen gwiwa, saboda haka bai da sararin gocewa kamar na waje, wanda motsinsa ya kai kusan ninki biyu. Abin da ba ya iya kaucewa kuwa shi duka ke samu. Na ciki ya fi yawan yagewa.

Sai batun jini, wanda shi ne ginshiƙin maganar warkewa. A shekarar 1982 wasu masana biyu a Amurka, Steven Arnoczky da Russell Warren, suka nuna cewa a jikin baligi jijiyoyin jini ba sa wuce bakin gammon na waje, abin da bai fi kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari na faɗinsa ba. Sauran yana samun abincinsa ne daga ruwa mai yauƙi da ke cikin gaɓar. Daga nan likitoci suka riƙa kiran gefen mai jini jan yanki, na tsakiya kuma farin yanki. Yagewar da ta faɗa a jan yanki tana iya haɗewa idan an ɗinke ta. Wadda ta faɗa a farin yanki da wuya ta haɗe, domin babu jinin da zai kawo kayan gyara.

Yagewar kanta iri-iri ce. Akwai wadda ke bin tsawon gammon, akwai wadda ke yanko shi daga bakin ciki zuwa gefe ta tsinke zaren da ke zagaye, akwai wadda ke raba shi sama da ƙasa kamar an tsaga gurasa, akwai kuma mai rassa da ta haɗa biyu ko uku. Wadda ta fi suna ita ce mai kama da mariƙin bokiti: gammon ya tsage a tsawonsa, ƙarshensa biyu na manne, tsakiyar kuwa ta kifa ta faɗa tsakanin ƙasusuwa, kamar yadda mariƙin bokiti ke faɗawa daga wannan gefe zuwa wancan. Ita ce ke sa gwiwa ta kulle ta ƙi miƙewa, kuma bisa alama ita ce ta sami ɗalibin nan.

An daɗe ba a ba gammon nan muhimmancinsa ba. A shekarar 1897 wani likitan Ingila, John Bland-Sutton, ya bayyana shi a matsayin ragowar tsoka marar amfani. Ko da yake tun 1883 Thomas Annandale na birnin Edinbara ya buɗe gwiwar wani mahaƙin ma'adinai ya ɗinke gammonsa a mazauninsa, abin da ya zama ruwan dare shekaru da yawa bayan haka shi ne a cire shi ɗungurungum. Sai a 1948 Thomas Fairbank ya kwatanta hotunan gwiwoyin da aka yi wa haka, ya nuna cewa tazarar da ke tsakanin ƙasusuwan na tsukewa, ƙarshen ƙashin cinya na daddaɓewa, wato alamun amosanin gaɓa. A 1962 Masaki Watanabe na Tokyo ya yanke ɓangaren gammon da ya yage ta hanyar zura siririn madubi cikin gwiwa ba tare da an buɗe ta ba. A yau ƙa'idar ita ce a bar wa mutum duk abin da za a iya bar masa na gammonsa.

Asalin lambobin

Ba don likitoci aka fara ƙirƙiro lambobin cututtuka ba, don masu ƙidaya ne. A birnin Landan na ƙarni na 17 akan buga takardar mace-mace mako-mako, musamman don a san inda annoba ta dosa. A 1662 wani ɗan kasuwa mai suna John Graunt ya tattara takardun nan na shekaru da dama ya yi nazarinsu. Abubuwan da aka rubuta a matsayin sanadin mutuwa sun haɗa da haƙori, da firgita, da baƙin ciki. Mai karatu kada ya yi saurin dariya, domin har gobe akwai gidajen da ake ɗora wa haƙori alhakin zawo da zazzaɓin yara. Matsalar dai a fili take: idan kowa na kiran ciwo da sunan da ya ga dama, ba a iya haɗa lissafin unguwa biyu, balle na ƙasa biyu.

William Farr, wanda ya kama aikin ƙididdiga a ofishin rajista na Ingila a 1839, ya shafe shekaru yana neman a daidaita sunayen. Amma jerin da duniya ta karɓa shi ne na Jacques Bertillon, shugaban ƙididdiga na birnin Faris, wanda aka amince da shi a wani taro a Shikago a 1893. Aka riƙa sabunta shi kusan duk bayan shekara goma. A 1948 Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi ragamarsa, kuma daga bugu na 6 na wannan shekara ne ya ƙunshi cututtuka da raunukan da ba sa kisa. Kafin nan yagewar gammo ba ta da wani gurbi na kirki, tun da ba kasafai take kai mutum kushewa ba. Kundin shi ne ake taƙaita sunansa da ICD. An amince da bugu na 10 a 1990, ƙasashe suka fara aiki da shi daga 1994. An amince da bugu na 11 a 2019, ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2022, amma sauya tsari irin wannan aiki ne na shekaru, kuma asibitoci da kamfanonin inshora a ƙasashe da yawa suna kan bugu na 10 har yanzu.

Tsakanin S da M

A bugu na 10 kowace lamba da harafi take farawa, sai alƙaluma biyu, sai ɗigo, sai ƙarin bayani. Haruffan S da T na babi na 19 ne, na raunuka da guba. S80 zuwa S89 na gwiwa da ƙwauri ne, S83 kuma ta ƙunshi gocewa da targaɗe da sauran raunukan gaɓar gwiwa da jijiyoyinta. A ƙarƙashinta ne S83.2 take, wato yagewar gammo sabuwa. Harafin M na babi na 13 ne, inda M23 ta tattara lalacewar cikin gwiwa: M23.2 ita ce lalacewar gammo sakamakon tsohuwar yagewa ko tsohon rauni, M23.3 kuwa ta sauran lalacewarsa ce, ciki har da gammon da ya zaizaye saboda shekaru da aiki.

Ke nan tambayar farko da kundin ke yi ba ta girman yagewar ba ce, ba kuma ta zafin ciwon ba. Tambayarsa ita ce: yaushe, kuma ta yaya? Gammon matashi ƙaƙƙarfa ne, ba ya yagewa sai da wani ƙarfi na lokaci guda, galibi murɗawa a kan ƙafar da ke kafe tana lanƙwashe, kamar yadda ke faruwa a ƙwallo da kokawa. Sau da yawa ma yakan tafi tare da jijiyar da ke gicciye a tsakiyar gwiwa, wadda ita ma ke da lambarta dabam, S83.5, kuma dole a rubuta su duka biyun. Gammon dattijo kuwa kamar tsohuwar riga yake, wadda wanki da rana suka cinye. Ranar da ta yage ba ƙusar da ta kama ta ce kaɗai ke da laifi ba.

A takarda rabon yana da sauƙi, a jikin mutane kuwa ba haka yake ba. A Janairun 2016, kwana ɗaya bayan an fitar da shi daga wasan kusa da na ƙarshe na gasar tanis ta Ostireliya, Roger Federer ya juya yana haɗa wa tagwayen 'ya'yansa ruwan wanka, sai ya ji ƙara a gwiwarsa ta hagu. Gammo ne ya yage, har aka yi masa tiyata a watan Fabrairu. Yana da shekara 34 a lokacin, ya kuma shafe kusan duk rayuwarsa yana gudu da birki a filin wasa. To, juyin ɗakin wanka ne ya yaga shi, ko shekarun da suka gabata ne suka gama aiki, juyin ya zo ya ƙarasa? Irin wannan tambaya likitan da ya ji labarin, ya duba gwiwar, ya kuma ga siffar yagewar ne kaɗai ke da hurumin amsa ta. Jami'in adana bayanai ba ya yanke hukunci a kai, ko da kuwa ya ga amsar a bayyane take. Ƙa'idar aikinsa ita ce abin da likita bai rubuta ba, ba a ba shi lamba. Idan rubutun bai fayyace ba, sai a mayar wa likitan da tambaya.

A nan akwai wani tarko. Kundin yana da fihirisa ta haruffa, inda jami'i ke fara neman sunan ciwo. Wanda ya nemi yagewar gammo haka kawai, ba tare da an ce tsohuwa ce ko ta zaizaya ba, fihirisar kai tsaye babin raunuka take kai shi. Saboda haka likitan da ya gaji, ya rubuta kalma biyu a katin maginin nan ya tura, ya mayar da shi wanda ya ji sabon rauni ba tare da ya nufa ba. Idan aka yi haka a kati dubu, sai rahoton shekara ya nuna wai dattawa na ta jin raunin gwiwa, alhali kuwa lalacewa ce ta sannu a hankali, wadda rigakafinta da maganinta dabam ne.

Inda lambar ta kai harafi bakwai

Amurka ba ta tsaya kan kundin Hukumar Lafiya ta Duniya yadda yake ba. Ta faɗaɗa shi ya zama ICD-10-CM, ta fara aiki da shi ranar 1 ga Oktoba 2015, da lambobi kusan dubu 70, inda wanda ya gabace shi ke da kimanin dubu 14. Dalilin yana da nasaba da yadda ake biyan kuɗin jinya a can, domin kamfanin inshora ba ya biya sai lambar ciwo ta dace da aikin da aka ce an yi. A tsohon tsarinsu 836.0 ta wadatar ga sabuwar yagewar gammon ciki, 836.1 ga na waje, ba ruwan kowa da ko wace ƙafa ce.

A sabon tsarin kuwa, da ɗalibin nan a can yake, lambarsa za ta zama S83.211A. Karanta ta kamar karanta adireshi ne. S83.2 ta riga ta ce sabuwar yagewar gammo. Alƙalamin da ke biye, wato 1, yana nufin mai mariƙin bokiti a gammon ciki. Da 2 ne, da yagewar gefe ce, 3 mai rassa, 4 wata iri dabam, sa'an nan 5 zuwa 8 su maimaita jerin ga gammon waje. Alƙalami na gaba na ƙafa ne: 1 dama, 2 hagu, 9 ba a fayyace ba. Harafin ƙarshe kuma matakin jinya yake nunawa. A na nufin ana tsakiyar magance raunin, D na nufin an shiga lokacin murmurewa da bibiya, S kuwa larurar da raunin ya bari ce a baya. Masu koyon aikin sukan yi kuskure a nan, su zaci A ta ziyarar farko ce kawai. Ba haka ba ne. Ranar tiyata ma A ake sa wa, ko da ita ce ganawa ta huɗu da likita, muddin ana kan ainihin maganin. Har wasan da yaron ke yi yana da lambarsa ta ƙari, Y93.66 ga ƙwallon ƙafa.

A ɓangaren M ma haka abin yake, sai dai can ƙaho ake bi: M23.221 tsohuwar yagewa ce a ƙahon baya na gammon ciki, a gwiwar dama. Akwai kuma wata ƙa'ida tasu mai kyau ga marasa lafiyar da ba a kwantar ba. Idan likita ya rubuta cewa yana zaton yagewar gammo ce, bai tabbatar ba, ba a ba zaton lamba. Abin da aka tabbatar ake rubutawa, alal misali ciwon gwiwar dama, M25.561, har sai bincike ya kammala. Hikimar ita ce lamba takan bi mutum. Ciwon da aka laƙaba masa bisa zato yana iya zama a fayil ɗinsa shekara da shekaru.

Za a iya cewa wannan yawan rarrabewa ya yi yawa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a zargin, domin likitocin can sun daɗe suna kukan cewa cike takardu na cinye lokacin duba marasa lafiya. Amma rarrabe dama da hagu ba abin wasa ba ne. Yi wa ƙafar da ba ita ba tiyata kuskure ne da ya faru a ƙasashe masu arziki da matalauta, shi ya sa jerin tambayoyin kiyaye haɗarin tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 ya wajabta a tabbatar da wurin da za a yanka kafin a sa mutum barci. Bugu na 10 na hukumar bai bambanta ƙafa da ƙafa ba; bugu na 11 ya gyara wannan ta hanyar ƙananan lambobin ƙari masu farawa da harafin X, waɗanda ake liƙawa jikin babbar lambar.

Abin da ya kamata katin ya ƙunsa

Duk wannan gini a kan rubutun likita yake tsaye. Rubutu mai kyau yakan fara da labarin: ranar da abin ya faru da abin da mutum ke yi, ko kuma cewa babu wani rauni da ya tuna, ko gwiwar ta kumbura nan take ko sai washegari, domin kumburin gaggawa yakan nuna jini ne ya taru, abin da ke sa a zargi jijiya, ko tana kullewa, ko tana sarewa. Sai abin da hannu ya gano, kamar zafi a daidai layin haɗuwar ƙasusuwa, da sakamakon gwajin da ake kira da sunan Thomas McMurray na Libaful, inda ake lanƙwasa gwiwa a murɗa ƙwauri a miƙe ta sannu a hankali ana sauraron ƙas mai zafi. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna gammo, tun da guringuntsi ne, amma yana da amfani wajen kawar da zargin karaya da nuna amosani. Na'urar MRI ce ke nuna shi, madubin leƙen gaɓa kuma ya tabbatar. Daga ƙarshe sai jimla ɗaya da ta haɗa komai: wace ƙafa, wane gammo, wane sashe nasa, wace irin yagewa, sabuwa ko tsohuwa ko ta zaizaya.

Ba kowane abin da hoto ya nuna ne ciwon da ya kawo mutum ba, wannan kuwa shi ne darasi mafi nauyi da binciken shekarun baya ya koyar. A 2008 Martin Englund da abokan aikinsa suka buga sakamakon hoton MRI na gwiwar mutum 991 masu shekara 50 zuwa 90 a garin Framingham na Amurka, waɗanda ba don ciwon gwiwa aka zaɓe su ba. An sami yagewa ko lalacewar gammo a kashi 19 cikin ɗari na mata masu shekara 50 zuwa 59, adadin ya yi ta hawa har ya kai kashi 56 a maza masu shekara 70 zuwa 90. Kashi 61 cikin ɗari na masu yagewar kuwa ba su ji wani ciwo ko sanƙarewa ba a watan da ya gabaci hoton. Wato yagewar gammo a jikin dattijo tana iya zama kamar furfura.

A 2013 kuma Raine Sihvonen da tawagarsa a ƙasar Finlan suka yi wani gwaji mai ban mamaki da mutum 146 masu shekara 35 zuwa 65, dukkansu masu zaizayayyen gammon ciki ba tare da amosani ba. Da yardarsu aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. An zura wa kowa madubi a gwiwa, amma kashi ɗaya kawai aka yanke wa ɓangaren da ya yage. Ɗaya kashin kwaikwayon aikin aka yi musu, ba su kuma san wanne aka yi wa wa ba. Bayan wata 12 duka ɓangarorin sun sami sauƙi, kuma babu wani bambanci na a zo a gani tsakaninsu. Sakamakon irin waɗannan gwaje-gwaje ne ya sa a yau motsa jiki na musamman don ƙarfafa tsokar cinya, da rage ƙiba ga mai ita, su ne matakin farko ga mai irin ciwon maginin nan. Ɗalibin da gwiwarsa ta kulle kuwa lamarinsa dabam ne: yana bukatar a hanzarta, domin idan yagewar a jan yanki take, ɗinki na iya ceto gammon da zai taka shekara hamsin ko fiye a kansa. Mai nazarin da ke son sanin ko asibitocin ƙasarsa sun bi wannan sauyi ba ya da wata hanya sai ta ƙirga tiyatar da aka yi a ƙarƙashin S da wadda aka yi a ƙarƙashin M.

Batun diyya ma a nan yake rataye. A Jamus lalacewar gammo sakamakon shekaru na aikin da ke takura wa gwiwa tana cikin jerin cututtukan sana'a da doka ta amince da su, da lamba 2102, kuma mahaƙan da ke aiki a durƙushe a ƙarƙashin ƙasa ne aka fara yi wa tanadin. A Nijeriya dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi haƙƙi ga wanda ya ji rauni ko ya kamu da cuta ta dalilin aikinsa, dokar 2022 da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa kuma ta wajabta inshorar ga kowa. Dukkansu biyu da takarda suke aiki. Leburan da ya zame daga kan tsani ya murɗe gwiwa, ya fara zuwa wurin maɗori, bai isa asibitin ƙashi irin na Dala a Kano ko na Igbobi a Legas ba sai bayan wata huɗu, zai tarar an riga an fara kallon yagewarsa a matsayin tsohuwa. Idan katinsa bai ambaci tsanin da ranar faɗuwar da wurin aikin ba, babu abin da zai haɗa M23.2 da ke gaban fayil ɗinsa da ginin da ya faɗo daga kansa, sai shaidar bakin abokan aikinsa, in har suna nan.